Takalman Ƙwas-ƙwas

Shekara talatin Ƙwas-ƙwas tana sakatariya a ofis ɗaya, ba mahalukin da ya taɓa ganin dugaduganta a ƙasa. Gajeriya ce ta bugawa a jarida, sai takalmi mai tsini ya rufa mata asiri. Tun daga bakin titi ake jiyo takunta, masinjoji su tsuke baki. Har wanka, in ji masu sharri, da tsininta take shiga.

A gida kuwa abin taunawarta matar ɗanta ce, doguwa mai faffaɗar ƙafa. Kullum sai ta ce mata agwagwa a gaban baƙi, yarinyar ta yi murmushi ta kawo ruwa.

Sai babban yatsan ƙafar dama ya yi tawaye. Gaɓar ta cinye, ko zani ya goge ta sai hawaye. Likita ya ce za a kankare kan ƙasusuwan biyu a haɗe su, ko da kusoshi biyu a gicciye, ko da ɗan ƙarfe a shimfiɗe a ɗaure da kusoshi. Kowanne aka yi, yatsan ya gama lanƙwasuwa har abada. Don haka ranar aiki a kawo takalmin da ta fi sawa, a daidaita tashin yatsan da shi.

Ƙwas-ƙwas ta zaɓi ƙarfen, wai ya fi tsada. Ranar aiki ta manta takalmin, ta kora agwagwa gida, ta ce ta ɗauko jan nan mai tsini na saman durowa. Kafin yarinyar ta dawo allurar barci ta fara ɗibar Ƙwas-ƙwas, tana ta yi wa fanka gaisuwa.

Likita ya buɗe leda, ya ga silifas na banɗaki. Ya tambayi yarinyar ko shi take sawa.

"Kullum, likita. Mama ba ta son wahala."

Bayan wata uku aka ce ƙashi ya kama. Ta jawo jan nan ta zura ƙafa, yatsa ya ce bai san zancen ba. Ta gwada takalma goma sha bakwai, tana gumi.

Ran da ta koma ofis da silifas, wani ya tsaya gaban kantar ofishin yana ta sallama, yana cewa ba kowa ne? Tana nan a tsaye a bayan kantar.

Yarinyar kuwa ladabi sai abin da ya ƙaru. Kowace safiya takan goge takalman tas, ta jera su a gaban gado, ta durƙusa.

"Mama, wanne za a sa yau?"