Wutar da Ta Rage a Ciki

Wata bakwai na yi ina haɗa amfilifaya, na'urar ƙara sautin gita, irin ta da, mai kwalabe, a ɗakina na Lugbe. Ni ma'aikacin ofis ne, son abin ne kawai ya kama ni. Ranar da na kunna ta, kwalaben suka yi ja, amma babu abin da ya fito sai gurnani.

Na kai ta Mararaba wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin titi. Ya jona ta da wuta, ya saurari gurnanin, ya zare waya, ya buɗe bayanta. Sai ya tuntsire da dariya, har ya kira 'yan acaɓan da ke hutawa a rumfarsa.

"Ku zo ku ga aikin Oga! Dubi dalma kamar kashin kaji. Oga, ka koma ka riƙe biro naka, wannan ba layinka ba ne."

Suka yi ta shewa. Ni kuwa ba a yi mini dariya in manta.

Akwai abin da na sani wanda bai sani ba. Ya saba da ƙananan rediyo, da an zare waya shi ke nan. Irin tawa kuwa tana da manyan kafasita masu riƙe wuta bayan an kashe, kuma ban sa musu abin da zai zuƙe ta ba. Na ga hannunsa na dama ya nufi wurin. Ina da lokacin cewa "Baba, tsaya." Na ja bakina na yi shiru.

Yana taɓawa wutar ta ja shi. Ƙarar ba ta da yawa. Ya kife daga kan benci, hannun ya daki ƙarfen teburi. A lokacin daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

Da aka tashe shi, da hannun hagu ya nuna mini wata waya da na juya. Na gyara a gida, gurnanin ya ɗauke.

Yatsunsa biyu ba su ƙara riƙe sukurudireba ba. Yanzu cazar waya yake sayarwa a faranti. Rannan ya hango ni, ya taso da fara'a.

"Oga, kullum ina gode wa Allah da ni na taɓa. Da kai ne, da ba ka san kan wuta ba, ai da ta kashe ka."

Na ce, "Haka ne, Baba."