Gidaje Huɗun da Dadda Bassu Ya Tayar

Fayil mai lamba 212 a ofishin agajin gaggawa na lardinmu shafi tara ne, ni na rubuta bakwai daga ciki. Sunan Dadda Bassu sau ɗaya ya fito, a shafi na huɗu. Ga abin da shafin bai ɗauka ba.

Magini ne a Tagunt, ƙauyenmu da ke manne a jikin dutse. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake ɗora dutse kan dutse. Ma'auninsa igiya mai ƙulli da idonsa na hagu, don na dama tsakuwa ta tafi da shi. Ɗakin da aka haife ni, shi ya gina. Shi ne kuma mai kiran gayya: in bangon wani ya faɗi, sai ya hau rufin masallaci ya yi kira, kowa ya fito da abin aikinsa, mata su kawo gurasar sha'ir da man zaitun. Shekara arba'in bango bai yi mako a ƙasa ba a Tagunt.

Ranar tara ga Nuwamba, bayan ruwan kwana uku, ƙasa ta zaftaro kan ƙauyen. Ba a rasa rai ba. Mai unguwa ya bugo waya ya ce gidaje hamsin da biyu sun rushe, na rubuta.

Sashe na shida na dokar lardi ya ce gwamna zai ayyana ta-ɓaci idan gidaje hamsin suka rushe, kuma kwamiti ya gani da ido. Sai an ayyana ake buɗe sito, inda tantuna da barguna da siminti suke. Makullin yana cikin teburina.

Hanya ta yanke, ba mu isa ba sai bayan kwana goma sha ɗaya. Dadda Bassu bai san da wani sashe na shida ba. Tun washegarin abin ya yi kiran gayya. Suka tayar da gidan Lalla Ittu, wadda mijinta ya rasu bara, da na wani makaho, da na mata biyu masu jego.

Shi ya tarye mu a bakin ƙauye, yumɓu har gwiwar hannu.

"Lahsen ɗan Haddu! Ka yi tumbi, kujera ta karɓe ka. Zo ka ga aikin tsofaffi."

Injiniyan da ke shugabantar kwamitin ya zaga yana ɗaukar hoto, ina biye ina rubutawa. Arba'in da takwas. Muka sake zagawa. Arba'in da takwas.

Ni na yi wa mutane bayani, a gindin bangon masallaci. Dadda Bassu ya daɗe yana kallona da idon nan ɗaya.

"Wato da mun bar Ittu tana kwana da awaki, da an ba mu tanti?"

"Haka dokar take, Dadda."

Ya juya wajen injiniya. "Ranka ya daɗe, ku zauna ku sha shayi. Kafin tafasa ta biyu na mayar muku da gidajen huɗu ƙasa."

Lalla Ittu ta ce, "Taɓa min bango ka gani, mai ido ɗaya! In raba ka da ɗayan."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Injiniya ya ce hotuna suna ɗauke da kwanan wata, abin da ya gani ya riga ya gani.

Dadda ya kama hannun rigata. "Alƙalamin a hannunka yake. Arba'in da takwas ko hamsin da biyu, ai duk lanƙwasa ce."

Na rubuta arba'in da takwas. A ƙasa na ƙara bayani, cewa wani magini mai suna Bassu ya gyara huɗu kafin zuwanmu. Shafi na huɗu ke nan. Takardar ta dawo da layi ɗaya: ba a cika sharaɗi ba. Na rubuta roƙo sau biyu, amsar ba ta sauya ba.

Ƙanƙara ta sauka ranar uku ga Disamba, yumɓu ya daina kamawa. Dadda Bassu ya yi kiran gayya, mutum shida suka fito, daga baya biyu. Kafin ƙarshen Janairu iyalai talatin da ɗaya sun sauko gari, suna zaune a rumfunan kwano bayan tashar mota. Ba wanda ya zage shi. Sun dai tafi ba su yi masa sallama ba.

Tantuna ɗari huɗu suna nan a sito. Duk farkon wata nakan buɗe in duba ko ɓera ya taɓa su.

A watan Afrilu bangon ɗakin makahon nan ya tsage, gefe guda ya zube. Mai unguwa ya je da kansa ya sami Dadda Bassu zaune a rana, igiyarsa a rataye a ƙusa.

"Dadda, a yi kira mana."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ku bar shi a ƙasa. A zo a ƙirga tukuna."