Yadda Na Cinye Fanshon Baba Ummaru

Ni haifaffen Talata Mafara ne, ɗan mahauci. Mahaifina ya so in gaje shi a rumfar nama, amma tun ina sakandare hankalina yana kan waya. Da ya ga ba zan zauna ba, sai ya sayar da sa guda ya saya mani ƙaramin janareta, na kafa rumfar cajin waya a bakin kasuwa, kusa da tashar 'yan kabu-kabu. Ina samun na abinci, ina kai wa mahaifiyata sabulu da goro. Ba wanda ya taɓa ɗaga mani murya a kan kayansa.

Ana haka aka ce tsofaffin ma'aikata masu fansho, da tsofaffin da ke karɓar tallafin gwamnati, kowa sai ya yi rajista ta intanet. Za a haɗa asusunsa da layin wayarsa, duk sanda zai shiga a turo masa lambar sirri ta saƙo. Tsofaffi suka rikice. Yawancinsu amsa kira kawai suka iya. Ranar Talata sai rumfata ta cika da su, daga Bakura, daga Damri, daga Maradun, kowa da takardunsa a ƙulle cikin leda. Su miƙo mani waya su ce, "Ɗana, duba mana ko abin ya zo."

Da farko don Allah nake yi. Sannan na fara karɓar kuɗin aiki. Sannan wata rana na cire wa wata tsohuwa tallafinta, na rage kaɗan a ciki, na miƙa mata sauran. Ta sa mani albarka har da ɗaga hannu. Na yini ina jiran ta dawo da rigima. Ba ta dawo ba. Daga ranar na san ba mai duba bayana.

Sai na sayi layukan waya da yawa. In tsoho ya zo rajista, na ga ba shi da ɗa mai ilimin boko kusa da shi, sai in sa layina a madadin nasa. Saƙon lambar sirri ni yake zo wa. Layukan suna cikin wasu ƙananan wayoyi da nake ajiyewa a aljihun tebur, a kashe, ban kunna su sai makon da ake biya. In mai asusu ya zo, in danna wayarsa in girgiza kai in ce ba a turo ba tukuna. Shi kuma ya tafi yana zagin gwamnati.

A cikinsu akwai Baba Ummaru, mutumin Maradun, wanda ya yi aikin masinja har ya yi ritaya. Dogo ne, mai tsabta, kullum da farar hula. Ba ya fara magana sai ya gaishe ni, ya tambayi iyayena, ya tambayi kasuwa. Wata biyar ina cinye fanshonsa, shi kuwa kowace Talata yana hawa mota daga Maradun don ya ji labari.

Wata rana ya zo ya zauna a bencina. Can ya ce, "Ɗana, mai ɗakina Hajo ba ta da lahiya. Likita ya ce sai an yi mata aiki a ciki. Ka sake duba mani, ƙila yau Allah ya sa sun tuna da mu."

Kuɗinsa na watan suna aljihuna a lokacin. Na riƙe wayarsa ina dannawa. Zuciyata ta ce in fito da su in ce yanzu suka shigo. Sai na tuna in na ba shi na wata ɗaya, zai tambayi na sauran. Na ce, "Baba, har yanzu shiru." Ya ce, "To, Allah shi ka bayarwa." Ya miƙo mani kuɗin duba waya. Na karɓa.

Bayan mako uku, ranar kasuwa da hantsi, na hango shi tafe da wata mata mai hijabi ruwan toka, riƙe da jaka. Ya ce 'yarsa ce, Malama Rabi, tana koyarwa a Jangebe. Ta gaishe ni a tsanake, ba ta yi murmushi ba. Makon biya ne, duk wayoyin aljihun tebur suna kunne.

Ta ce, "Malam, kai ka yi wa Baba rajista?"

Na ce ni ne.

"Da wane layi?"

Na ce da nasa mana.

Ta buɗe jaka ta fito da wata 'yar takarda. "Jiya na je ofishin fansho a Gusau. Sun ce ba watan da ba a biya shi ba. Sun rubuto mani lambar da ke kan asusun, kuma ba ta Baba ba ce. Ka santa?"

Na kalli takardar na ce ban taɓa ganinta ba, ƙila kuskuren na'ura ne. Na fara matsar da gwiwata ina danne aljihun teburin, kamar hakan zai hana wani abu.

Ta ce, "To bari mu ji mai ita."

Ta ɗauko wayarta ta fara danna lambobin ɗaya bayan ɗaya. Na so in ce janareta zai mutu in tashi, amma ta riga ta gama dannawa. Ta kara wayar a kunne. Sai ƙara ta tashi daga cikin teburina.

Ta kashe, ƙarar ta tsaya. Ta sake kira, ta sake tashi. Wani ɗan kabu-kabu ya ture ni ya finciko aljihun, wayoyin suka zube ƙasa. A bayan kowace na liƙa takarda da sunayen tsofaffin da layukansu ke ciki. Ya fara karantawa da ƙarfi. Wani a cikin taron ya yi ihu, "Wagga kakata ce!"

Kafin in ankara an shaƙe mani wuya. Wani ya kawo icce, wani yana cewa a kawo fetur. Mahauta suka taso daga layinsu. Baba Ummaru ya shiga tsakani ya buɗe hannuwa, yana cewa, "Kada ku ɗauki alhakin rai sabili da ni! Ku kai shi ga hukuma!" Na ɗaga kai na ga mahaifina a bayan taron, da jini a rigar aikinsa. Ya dube ni sau ɗaya, ya juya ya koma rumfarsa.

A kotu ban yi musu ba. Tsofaffin suka zo ba da shaida, wasu da sanda, wata an riƙo ta. Alƙali ya yanke mani shekara uku, aka sayar da janareta da wani babur da na saya da kuɗinsu aka rarraba masu, bai kai ko rabin abin da na ci ba. A gidan yari na sha cuta da yunwa da ƙwarƙwata, amma abin da ya fi ci mani rai shi ne labarin da mahaifiyata ta kawo mani a ziyararta ta farko: Inna Hajo ta rasu ba a yi mata aikin ba.

Da na fito, mahaifina ya karɓe ni, ya miƙo mani wuƙa da tire. Yanzu nama nake sayarwa. Bayan wata guda na tafi Maradun. Na iske Baba Ummaru a zaure, ya rame, idonsa ya yi rauni. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne, na roƙi gafara ina kuka.

Ya ce, "Nawa na yahe maka tun kana can. Amma na Hajo ba ni da iko da shi. Ta tahi da abinta."

Ku matasa, musamman ku da Allah ya ba sanin waya, ku ji ni. Tsohon da ya miƙo maka wayarsa, abincinsa da maganinsa ya miƙo maka. Kada ka ce ɗan kaɗan ne, ba zai gane ba. Ni ma daga ɗan kaɗan na fara. In kana da tsoho a gida, kai shi rajista da kanka, ka tabbata layinsa ne aka sa, ka karanta masa duk saƙon da ya shigo, ka gaya masa lambar sirri ba a faɗa wa kowa, ko da wanda ya kira ya ce daga ofis yake. In an ce kuɗi ba su zo ba, ku je ofishin ku tambaya da bakinku.

Na tuba, ina kuma fatan Allah ya karɓa. Masu rai duk na bi su gida gida, wasu sun yafe, wasu sun rufe mani ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba. Mutum ɗaya ce ba ni da inda zan same ta, sai ranar da za a tsayar da mu gaban Allah. Kada ka ɗauki irin wannan kaya, ɗan'uwana. Ba ya sauka.