Ƙwallon Dabinon Kaka

A shekarun hamsin, kafin mulkin kai, maƙwabcinmu a unguwar Sheshe ya sa akwatin rediyo a zaurensa. Ina da shekara goma sha biyar a lokacin, kuma daga ranar kaɗina ya lalace. Na ɗauki mazari ke nan sai in ji an saki goge, in ajiye auduga in je in manna kunne a katanga. In na dawo kuma sai in zauna ba kowa labarin abin da na ji. Sati guda ban cika mazari ɗaya ba.

Kakata ta wajen uba, wadda iyayenta suka zo daga Barno, ba ta duka, ba ta faɗa. Wata safiya ta kira ni tsakar gida, ta ɗauki gawayi ta ja layi a ƙasa, taku uku daga bangon ɗakinta.

"Kin ga inuwar bangon nan? Kada ki tashi sai ta janye ta iso layin. In ta iso, je ki sha kiɗanki."

Sannan ta ba ni dabino ɗaya, ta ce in cinye amma in bar ƙwallon a baki.

"Na mene ne, Kaka?"

"Mai gadin harshenki ne."

Kwana biyu na daure. A na uku, da ta zagaya bayan gida, na goge layin da tafin ƙafa na ja wani a gaba, inda inuwa za ta riga isa. Da ta fito ta dubi ƙasa, ta dubi ƙafata da ta yi baƙi ƙirin.

"Ikon Allah, yau rana sauri take yi," in ji ta.

Dariya ta ƙwace mini, ƙwallon ya wuce maƙogwaro. Na zaro ido na riƙe wuya. Kaka ko gezau. Ta ce in riƙa shan ruwa sosai, in Allah ya yarda baɗi gidanmu ba mai sayen dabino. Na wuni ina shafa ciki, goggonnina suna tambayata ko ya fara tsiro.

Washegari da kaina na ja layin a inda yake, na sa sabon ƙwallo a baki. Da bakina ya rufu sai na fara jin ƙugin mazari, na gane daga sautinsa in zare zai tsinke. Ran Laraba ina cikin kaɗi na ji an taɓa kafaɗata. Ashe inuwa ta daɗe da wucewa, har an kira azahar.

Zaren da na kaɗa a watan nan Baba ya kai wa masaƙa, aka rina a Ƙofar Mata, aka yi wa Kaka zane. Duk baƙuwar da ta zo sai Kaka ta nuna mata gefensa, inda zaren ya yi kauri, ta ce nan ne aka saki goge.