Kalmar Sirrin Gidan Barira

A Bunkure, idan baƙo ya sauka daga mota bai san inda zai dosa ba, gidan Barira ake nuna masa. Turara shinkafa ce sana'arta tun tana amarya: a kawo mata shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga gonakin rani, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya, masu inji su kwashe. Bayan rasuwar mijinta ta gyara ɗakunan da ke jikin zaure, malaman gona da ɗaliban da ke zuwa auna ruwan kanal na noman rani suka riƙa sauka a ciki.

Barira ba ta iya cewa babu ba. Gishiri, tabarma, turmi, cajin waya idan an tada janareta, duk na kowa ne. Abin alfaharinta ɗaya a duniya: ba wanda ya taɓa roƙon abu a gidanta ya fita hannu rabbana.

Ɗanta na fari kowa Baballe yake ce masa, domin sunan kakansa aka sa masa, wato surukin Barira. Kunya ta zamar mata biyu, ta ɗan fari da ta suruki. Sunan nan bai taɓa fita bakinta ba. Ko Baballen ma ba ta faɗa, "yaron nan" take cewa, har ya yi gemu.

A shekarar 2009 Baballe, wanda ke sayar da wayoyi a Kano, ya zo gida da wani ɗan akwati mai ƙaho biyu, ya kafe shi a bangon zaure. Ya ce intanet ne marar waya, don aikinsa idan ya zo ƙarshen mako.

"Inna, wannan ba gishiri ba ne," in ji shi. "Idan mutane suka yi yawa a kai, ba ya tafiya. Shi ya sa na kulle shi da kalmar sirri."

"Mece ce kalmar?"

Ya yi murmushi. "Sunana na yanka."

Ta jefe shi da mafici, ta ce masa ja'iri. Ya san uwarsa sarai. Da makullin ƙarfe ne, kafin la'asar ta ba da aronsa.

Dabarar ta yi aiki har ranar da Saloma ta fito da kwamfutar cinya da ta aro. Saloma ma'aikaciyar jinya ce daga kudancin Kaduna, tana zaune a ɗaya daga cikin ɗakunan. Takardun neman ƙarin karatu za ta tura, kuma ranar ake rufewa. Baballe ya tafi Legas sarin kaya, wayarsa ba ta shiga. Tsofaffin unguwa da suka halarci sunansa duk suna gona, lokacin dashe ne.

"Mama, don Allah faswod ɗin."

"Sunan yaron nan ne."

Saloma ta rubuta Baballe. Abu ya ƙi.

"Ba wannan ba. Na yanka."

"To wane ne, Mama?"

Barira ta koma tana juya shinkafar da ba ta buƙatar juyi. Saloma ba ta san wannan kunyar ba, sai ta ɗauka hana ta ake yi cikin dabara. Ta rufe kwamfutar a hankali, ta ce, "Ba komai, Mama. Na gode."

Godiyar nan ta yi wa Barira ciwo fiye da zagi. Ta ajiye muciya, ta juya baya, ta dubi bango, ta ce, "Maharazu."

"Na'am, Mama? Ban ji ba."

Dole ta sake faɗa, da ƙarfi, gaɓa-gaɓa, Saloma na rubutawa. Takardu suka tafi.

Abin da ba a zata ba, bakin Barira ya ji daɗin sunan. Daga ranar, duk malamin gona ko ɗalibin da ya tambaya, juya baya take yi ta faɗa, ko da Saloma na kusa za ta iya faɗa masa.

Da labari ya kai wa Baballe cewa zaure ya zama majalisar masu kwamfuta, ya taho a fusace zai canza kalmar. Yana cire takalmi a bakin ƙofa ya jiyo wani baƙo daga ciki yana tambayar faswod. Sai ya ji muryar uwarsa, a natse, tana kiran sunansa.

Bai taɓa jin haka ba tun da aka haife shi. Ya daɗe tsaye da takalmi ɗaya a hannu, sannan ya yi sallama.

"Yaron nan, ka iso?" in ji Barira, ba ta ko dube shi ba. "An ce kalma za ka canza."

"A'a, Inna," ya ce. "A bar ta haka."