Sista Mai Cokali Ta Ajiye Aiki

Kullum kafin likita ya shigo, Sista Mai Cokali ta riga ta jera kayanta a ɗan ɗakin da ke ƙarshen barandar asibiti: dafaffen ƙwai, madara, gyaɗa, sai allurar ceto a aljihu. Yaran da ake zargin wani abinci ba ya karɓarsu ake kawo mata, ta ɗanɗana musu a bakin cokali, ta zuba wa leɓe da numfashi ido. Fara'a kam ba ta dame ta ba, har ana tsokanarta wai murmushinta ma sai likita ya rubuta.

Akwai uwar da Sista ba za ta taɓa mantawa da ita ba. Gyaɗa ce ta yi ajalin babbar 'yarta a gidan maƙwabta, maƙogwaro ya rufe kafin a sami mota. Tsoro ya sa ta hana ƙaramar kusan komai, yarinya ta rame ta lalace. Da aka kawo ta wurin Sista, aka gwada ƙwai, lafiya lau. Madara ma haka. Ranar gyaɗa kuwa leɓe ya kumbura, murya ta dushe.

Uwar ta ɗora hannu a ka. "Sista, ki taimake ni! Haka yayarta ta fara!"

Sista ta danƙa mata allurar. "Ke za ki yi. Nan, a cinya. Ni ba a gidanki nake kwana ba."

"Wallahi ba zan iya ba."

"Za ki iya, ƙanwata. Ga hannuna a kan naki."

Uwar ta soka tana kuka, numfashin yarinyar ya dawo. Sai ta zube a ƙasa tana cewa, "Da na san wannan tun wancan karon." Sista ta zauna kusa da ita.

Sista, ke ce mai koya wa hannun uwa daina rawa. Yanzu ido ya yi rauni, kin koma gida babu ko taron sallama, kuma har yau ba a sami mai maye gurbinki ba. Abin yana ci mini rai.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ma'aikatan jinya masu tasowa, wani ya daure ya karɓi wannan aiki. Ƙaramar nan tana makaranta yanzu, bana ta wuce shekarun da yayarta ta tsaya.