Tandun Kwallin Inna

Shekara biyu Innarmu tana zaune a ɗakinta a unguwar Limawa, cikin Dutse, ba ta girki, ba ta zuwa suna, magana ma sai da ƙyar. Ciwon damuwa ne, in ji likitoci. An sha ƙwayoyi, an sha rubutu, shiru kake ji.

Daga baya aka tura mu wani asibiti a Abuja, inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, sannan a ɗora wa mutum wata na'ura mai maganaɗisu a ka, ta riƙa zaburar da wurin da ya yi sanyi. Kawu, yayan Inna, malami ne mai makaranta a Jahun, kuma maganarsa ce ta ƙarshe a gidanmu. Ya yarda, amma da sharaɗi: in hoto bai nuna komai ba, to ba ciwon asibiti ba ne, gida za mu dawo.

Kafin a shigar da ita ɗakin hoton, wata ma'aikaciya ta ce in cire mata 'yan kunne, in goge mata kwalli, don wani kwallin yana da ƙarfe a ciki. Wane kwalli? Matar da a da ko zaure ba ta leƙawa sai ta rambaɗa shi, rabonta da shi tun farkon ciwon. Na juya baya don kada Inna ta ga hawayena.

Da hoto ya fito, likitar ta ce babu ƙari, babu tabo. Kawu ya miƙe yana gyara hula.

"Alhamdulillahi. Ku tashi mu tafi."

Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu. Duk wannan doguwar tafiya!

"Malam, a ɗan zauna," in ji likitar. "Ai ba ciwon muke nema a hoto ba, ba ya fitowa a nan. Wurin da za mu ɗora na'urar muke nema, kamar yadda mai haƙa rijiya ke duba ƙasa kafin ya sa diga."

Kawu ya ce shi dai ya riga ya yi magana. Sai muka ji muryar Inna, can ƙasa-ƙasa.

"Yaya Malam, don Allah a bar ni in gwada. Na gaji."

Ya dubi ƙanwarsa, sannan ya koma ya zauna.

Makonni muka yi ana ɗora mata na'urar tana ƙwas-ƙwas a gefen goshinta. Ba zan ce ta warke sarai ba, har yau akwai ranakun da take yini a kwance. Amma bayan mun dawo Dutse, wata safiya ina shara, na ji ta daga ɗaki da faɗan nan nata na da.

"Ke! Wa ya taɓa mini kaya? Ina tandun kwallina?"

Na jefar da tsintsiya na shiga nema, ina kuka ina ba ta haƙuri.